An hana gini a layinmu, ni kuma an sake ƙara mini kuɗin haya

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke cina tun jiya. A ƙarshen layinmu akwai wani fili, ya fi shekara goma ba komai a cikinsa sai ciyawa da shara. Wani ya saya, zai gina bene hawa huɗu na gidajen haya. Hukuma ta kira taron jin ra'ayin mazauna unguwa, na bar aikina na je. Mutum sun fi ashirin da suka yi magana, kusan duk masu gidan kansu ne, kuma ban da mutum biyu kowa cewa ya yi bai yarda ba. Wannan ya ce motoci za su yi yawa, wancan ya ce benen zai tare masa rana, wata ta ce ai ba a san irin mutanen da za su tare ba. Aka ɗage maganar, ba a sa rana ba.

Ni 'yar haya ce shekara shida, sau huɗu ana ƙara mini kuɗi. Ƙanina da matarsa da jaririnsu suna ɗaki ɗaya, sun yi nema har sun gaji. Kuma waɗannan da suka ƙi ɗin, in ka tare su a hanya za su gaya maka lallai gidaje sun yi ƙaranci, ya kamata a gina. Don Allah a fahimtar da ni, son kai ne ko akwai abin da ban gani ba?

Alhaji Lawal: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ina cikin irin mutanen da kike magana a kansu, ko da yake ba unguwarmu ɗaya ba. Kada ki yi saurin cewa son kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bututun ruwan da ke layinmu an binne shi ne don gida talatin. Da aka yi bene biyu a bayanmu, ruwa ya daina hawa sama sai tsakar dare. Kwatar da ke ɗaukar ruwan sama ba a faɗaɗa ta ba, wanda ya gina ya shafe filinsa kaf da siminti, ruwan da ƙasa ke sha a da yanzu ƙofar gidana yake zuwa. Shi ya sayar ya tafi, ni aka bari da yasar laka. In aka sake kiran taro, me kike so in ce?

Usman: Baba, da girmanka, amma wannan uzurin ba ya ƙarewa. Yau ruwa, gobe mota, jibi inuwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yi doka a 2021 wadda ta ba mai fili damar raba filinsa biyu ya yi gida har huɗu a inda da gida ɗaya kawai aka yarda. Wani garin attajirai mai suna Woodside ya fito a farkon 2022 ya ce shi dokar ba za ta yi aiki a kansa ba, wai garin gaba ɗaya mazaunin zakin dutse ne, dabbar da ake karewa. Sai da babban lauyan jihar, Rob Bonta, ya ja musu kunne suka janye cikin 'yan kwanaki. Wanda ba ya son maƙwabci ba zai rasa abin fakewa ba.

Alhaji Lawal: Usman, ni ban ambaci zaki ba. Ruwa na ce, kuma in ka zo zan nuna maka shatinsa a bango.

Injiniya Bashir: Ku biyun duk gaskiya kuka faɗa, sai dai ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Kukan Alhaji abu ne da ake aunawa. Girman bututu, ƙarfin taransifoma, yawan ruwan da kwata za ta iya ɗauka a awa ɗaya, duk lissafi ne. Ana iya cewa mai gini: kafin ka sa bulo ɗaya za ka biya kuɗin canza bututu, za ka bar kaso kaza na filin ba siminti, ko ka yi ramin tara ruwan sama. In ya yi, magana ta ƙare. Amma "ba mu san irin mutanen da za su zo ba" ba shi da ma'auni. Ko me mai gini ya yi ba zai biya wannan buƙatar ba, don ainihin buƙatar ita ce kada kowa ya zo. A taro irin wanda Nafisa ta je, sai a cakuɗa biyun, mai kukan gaskiya ya zama garkuwar mai ƙyamar baƙo.

Kuma abin da ta lura da shi game da waɗanda suka yi magana ba a unguwarsu kaɗai yake ba. Wasu malaman Jami'ar Boston ta Amurka, Katherine Einstein da abokan aikinta biyu, sun bi bayanan irin waɗannan tarurruka a garuruwa 97 na kewayen Boston. Sun tarar kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai na masu magana suka goyi bayan gini, kusan kashi 63 suka ƙi. Masu zuwan kuma galibi dattawa ne, maza, masu gidan kansu, waɗanda suka daɗe a wurin. Dalilin a fili yake. Wanda ginin zai dama ya san kansa, yana da adireshi, an aika masa takarda. Iyali ashirin da za su zauna a benen ba su ma san da maganar ba, suna can wani wuri suna neman ɗaki.

Nafisa: Wallahi Injiniya wannan ne ya tsaya mini a wuya a wurin, na kasa faɗa. Na duba ɗakin taron ban ga ƙanina ba, ban ga irinsa ba. Ƙarfe goma na safe ranar aiki aka sa taron.

Malama Hadiza: Bari in ɗan koma baya, don abin yana da asali. Dokar cewa a wannan unguwa gida ɗaya na iyali ɗaya kawai za a gina a kowane fili ba daɗaɗɗiya ba ce. Birnin Berkeley yana cikin na farko da suka yi ta a Amurka, a 1916. A 1917 kotun ƙolin ƙasar ta soke dokokin da ke raba unguwanni ƙarara bisa launin fata. A 1926 kuma, a shari'ar garin Euclid, kotun ta amince hukuma ta raba gari shiyya-shiyya ta hana gidajen haya masu yawa a wasu wurare. To abin da aka hana a faɗa da baki sai aka koma yi da girman fili. In ka ce kowane gida sai ya zauna a kan ƙaton fili, kuma ba haya, ka riga ka tace waɗanda za su iya zama ba tare da ka ambaci kowa ba.

Amma Usman ƙanina, kada ka ɗauka jin ra'ayin mazauna unguwa mugun abu ne tun fil azal. Daga 1950 zuwa 1970 hukumomi a Amurka sun ratsa unguwannin talakawa da manyan tituna ba tare da sun tambayi kowa ba. Unguwar Rondo a St. Paul, unguwar Overtown a Miami, duk na baƙaƙen fata ne, aka tsaga su da titi, dubban mutane suka rasa muhalli. Daga wannan ɓarnar ne aka ce daga yau sai an saurari jama'a. Abin takaicin shi ne makamin da aka ƙera don kare mara ƙarfi, mai lauya da mai lokaci ne suka fi iya riƙe shi.

Kabiru: Ni duk ban ga abin da ake ta kare mai gini a kai ba. Nafisa, kin tambayi nawa zai sa kuɗin hayar benen? Na rantse ƙaninki ba zai iya biya ba. Ba don talaka suke gini ba, don riba suke yi. A ba su izini su cika gari da gidajen alfarma, talaka yana nan inda yake. Ku dubi Viyana ta Ostiriya: hukumar birnin ita kanta tana da gidajen haya kusan 220,000, tun shekarun 1920 take ginawa. Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar a gidajen da gwamnati ta gina suke zaune. Wannan ita ce mafita, ba roƙon 'yan kasuwa ba.

Injiniya Bashir: Malam Kabiru, na yarda sabon gida ba ya zuwa da araha, kamar yadda sabuwar mota ba ta zuwa da araha. Amma ka bi sawun mai kuɗin da zai shiga benen. In ba a gina ba, ba ɓacewa zai yi ba. Zai je ya sami mai gidan su Nafisa ya ce zai biya fiye da abin da take biya. Ita ta koma unguwar da ta fi araha, ta ture wanda ya fi ta rauni, shi kuma ya koma bayan gari ya riƙa cin awa biyu a hanya. In an gina kuwa, ya shiga sabon, ya bar tsohon gidansa ga wani, wancan ma ya bar nasa. Ba a rana ɗaya ake ganin abin ba, kuma bene ɗaya ba ya sauya komai, sai an yi da yawa.

An gwada. Birnin Auckland na Niyu Zilan ya sassauta dokar gini a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama a 2016, kuma izinin gini ya ƙaru sosai a shekarun da suka biyo, musamman gidaje masu haɗe da juna a filayen da aka sassauta. Austin ta Texas ta yi gini kamar ba gobe, daga 2023 kuɗin haya ya fara sauka. Minneapolis ta Amurka ta soke dokar gida ɗaya a fili ɗaya a ƙarshen 2018, sai dai a nan in faɗi gaskiya, gidaje uku-uku a fili ɗaya da aka yi ta yayatawa ba a gina su da yawa ba. Abin da ya fi aiki shi ne barin manyan benaye a bakin manyan tituna, da daina tilasta wa mai gini ya ware wurin ajiye motoci.

Kabiru: To wanda ke kwana a titi fa? Sarƙar nan taka yaushe za ta iso kansa?

Injiniya Bashir: Ba za ta iso ba, ko ta iso a makare. Shi sai gwamnati ta sa hannu, ban musa ba.

Barista Aisha: Malam Kabiru, gidan gwamnatin ma a ƙasa ake gina shi, kuma yana da maƙwabta. Hasali ma shi aka fi ƙi. A 1950 masu zaɓe a Kalifoniya suka sa wani sashe a kundin tsarin mulkin jihar, sashe na 34, wanda ya ce ba za a gina gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a gari ba sai mutanen garin sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Ka san yadda irin wannan ƙuri'ar ke ƙarewa. Singafo da ka ambata ta iya ne saboda dokar 1966 da ta ba gwamnati ikon karɓar fili, ba ta tsaya neman yardar layi-layi ba. Don haka ko ɗan kasuwa ne zai gina ko gwamnati, ƙofa ɗaya za su bi.

Ni a ganina tambayar ba "a saurari mutane ko kada a saurare su" ba ce. Yaushe za a saurare su? Ku kwatanta Ingila da Japan. A Ingila, tun dokar tsara gari ta 1947, mallakar fili ba ta ba ka ikon gini. Kusan kowane gini sai ka nemi izini, kansiloli su zauna su duba, kuma suna iya ƙi ko da ma'aikatansu sun ce ginin ya cika sharuɗɗa. Kansila kuwa ƙuri'ar wanda ke unguwar yau yake nema, ba ta wanda zai tare baɗi ba. Ga kuma zoben filayen da aka hana gini a kewayen Landan, wanda ya ninka birnin kansa kusan sau uku. A 2021 gwamnati ta so sassauta tsarin, sai jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Chesham da Amersham, kujerar da take riƙe da ita tun 1974, kuma maganar gini tana cikin abin da ya kayar da ita. Ba a daɗe ba aka ajiye gyaran. Gwamnatin da ta hau a 2024 ta yi alkawarin gida miliyan ɗaya da rabi a shekara biyar, ita ma da wannan bangon take karo.

A Japan gwamnatin ƙasa ce ta tsara nau'o'in shiyya, guda 13 ne, birni ya zaɓi wadda zai shimfiɗa a kowane yanki. An rubuta tsayin gini, an rubuta kason filin da za a rufe, har yawan inuwar da gininka zai iya jefa wa maƙwabci an rubuta. In zanenka ya cika waɗannan, za ka yi gini, maƙwabci ba shi da ikon tsayar da kai don ransa bai so ba. Ko a shiyyar da ta fi tsauri ana iya yin ƙaramin gidan haya. Shi ya sa Tokiyo ta yi ta ƙara mutane shekara da shekaru, kuɗin haya bai yi tashin gwauron zabo irin na Landan ko San Francisco ba. Alhaji, ka lura, kukan inuwa ba watsi da shi aka yi ba. An mayar da shi doka wadda ta hau kan kowa, maimakon rigimar da za a sake a kan kowane fili.

Usman: Kuma in aka bar ƙofar ƙara a buɗe, abin har ya wuce hankali. Dokar kare muhalli ta Kalifoniya ta 1970 da ita maƙwabta suka kai Jami'ar Berkeley kotu a kan ɗakunan kwanan ɗalibai, har wata kotu ta yarda a 2023 cewa hayaniyar ɗalibai tana cikin illar da ya kamata a auna. Sai da majalisar jihar ta gyara dokar. A Balin ta Jamus ma, tsohon filin jirgin sama na Tempelhof da aka rufe a 2008, mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a a 2014 kada a gina komai ko a gefensa, alhali kukan haya ya cika garin.

Malama Hadiza: Na Balin ɗin kada ka haɗa shi da sauran. Fili ne da kowa ke shiga ya sha iska, mai kuɗi da talaka. Ana iya ganin sun yi kuskure, amma ba katanga suka ja wa kansu ba.

Alhaji Lawal: Barista, na karanta bayaninki sau biyu. Bari in faɗi abin da mutane irina ba sa faɗa a taro. Gidan nan shi ne duk abin da na tara. Shekara ashirin da biyu ina biyan bashinsa. Ba ni da wani jari, in na faɗi ciwo shi za a sayar, in na mutu shi zan bar wa yara. Duk wanda ya ce a gina har gidaje su yi araha, gidana ma yake nufi ya yi araha. Ina jin tsoron wannan, ba zan ɓoye ba. Kuma ɗana na biyu haya yake yi, kukan Nafisa shi ne kukansa. Kullum da wannan nake kwana.

Barista Aisha: Allah ya saka da alheri Alhaji, wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a nan. Gida ba zai zama jarin da ke hauhawa kowace shekara ba kuma ya zama abin da matashi zai iya saya. Ɗaya sai ya ba ɗaya hanya. A Japan ɗin ma akwai abin da suka sadaukar: ginin gida a can darajarsa raguwa take yi da shekaru, filin ne ke riƙe kuɗi. Sai dai ka duba wani ɓangaren. In doka ta yarda a yi gida huɗu a filinka maimakon ɗaya, filin naka daraja yake ƙarawa, don mai saye ya san abin da zai iya yi da shi. Kai ma kana iya ɗora hawa ɗaya ɗanka ya zauna.

Kabiru: Japan mutanenta raguwa suke yi fiye da shekara goma, kada a manta da wannan in ana yabon arahar gidajensu. Kuma sakin gini ba ido shi ma yana kisa. Houston ba ta da dokar raba shiyya irin ta sauran biranen Amurka, sau uku masu zaɓe suna ƙin ta. Da guguwar Harvey ta zo a 2017, dubban gidajen da ruwa ya ci an gina su ne a cikin yankin da madatsun Addicks da Barker ke tara ruwa in sun cika. Da yawa daga masu gidajen ba su ma san a ciki suke ba.

Injiniya Bashir: Mutanen Japan sun ragu, na Tokiyo ƙaruwa suka yi, can ne gwajin yake. Maganar Harvey kuwa tana tare da mu ne. Waɗancan gidajen a gefen gari suke, inda fili ke da araha kuma ba maƙwabcin da zai yi ƙara. Duk ginin da aka hana a tsakiyar gari, inda akwai titi da bututu da makaranta, bayan gari yake komawa, kan gona ko kan hanyar ruwa. A hana gini a kwari, a bar shi a tudu. Yanzu sau da yawa akasin haka ake yi, don mutanen tudun ne ke da baki.

Nafisa: Baba Alhaji, in tambaye ka kai tsaye. Da a layinku ne, aka ce mai ginin zai canza bututu, zai gyara kwata, za ka tashi a taro ka ce ka yarda?

Alhaji Lawal: In an rubuta, an sa hannu, kuma an yi aikin bututun kafin a fara ginin, ba bayan an gama ba, zan yarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Alkawarin baki na sha shi. Hawa huɗu dai ya yi mini tsawo, da uku ne da hankalina ya fi kwanciya.

Usman: Hawa ɗayan nan da za a cire, Baba, iyali biyar ne ko shida.

Alhaji Lawal: Na sani, ɗana. Ban ce ina da gaskiya ba, abin da ke raina na faɗa.

Barista Aisha: Nafisa, kafin a sake sa rana ki je ofishin hukumar ki nemi takardun da mai ginin ya shigar, galibi ana barin jama'a su gani. Ki duba ko akwai rahoton ruwa da magudana, da abin da ma'aikatan hukumar suka ba da shawara. In suna karɓar ra'ayi a rubuce, ƙaninki ya rubuta nasa, matarsa ta rubuta nata, su faɗi shekara nawa suka yi suna nema. Ki kuma roƙa a rubuce a mayar da taron yamma ko ranar hutu.

Kabiru: Ki kuma tambaya ko za a ware wasu ɗakunan a farashi mai sauƙi, da shekara nawa sharaɗin zai ɗauka. In ba a tambaya yanzu ba, bayan an ba da izini ba mai sauraron ki.

Nafisa: Na rubuta duka. Injiniya, in na samo rahoton magudanar zan ɗauki hotonsa in turo maka, don ni ba zan gane lissafin ba. Akwai wata dattijuwa a cikin waɗanda suka ƙi, gidanta ne ke jikin filin, ita ma maganar ruwa ta yi. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga in gaishe ta in ji ta bakinta.